Koriyar Taliya a Teburin Peru

Akwai wata safiyar Asabar a Guangzhou da na tabbata ko tsufa ya kwashe mini komai, ita ba zai ɗauke ta ba. Shekaru sun shuɗe, na gama karatu na dawo gida, amma duk ranar da ƙanshin ɗoɗɗoya ya tashi a kicin ɗinmu sai in gan ni tsaye a bayan wani ɗan tebur mai tuta ja da fari, tutar ƙasar da har yau ban taɓa taka ƙasarta ba.

Shekarata ta farko ce, wadda baƙin ɗalibai ke yi suna koyon Sinanci kafin su shiga ainihin karatunsu. Jami'armu a unguwar Tianhe take. Aka haɗa ni ɗaki da wata yarinya fara sol, mai gashi kalar zuma da idanu kamar ganyen da ruwa ya wanke. Ranar da na fara ganin ta, a raina na gama yanke hukunci: wannan daga Ingila take, ko Faransa. Na gyara Turancina na gaishe ta, sai ta amsa da Turancin da bai fi nawa ba. Na tambaye ta garinsu, ta ce Lima. Na ce wane ɓangaren Turai ne wannan? Ta yi dariya, irin dariyar wanda ya gaji da tambaya amma bai so ya nuna ba, ta ce, "Peru. Kudancin Amurka. Sai kin tsallake teku guda daga Turai."

Ni mai son labari ce tun ina ƙarama, ita kuma mai kewar gida, don haka ba mu daɗe ba muka shaƙu. Da Sinancinmu mai ɗingishi da Turancinmu mai faci ta riƙa buɗe mini ƙasarta kaɗan-kaɗan. Ta ce mafi yawan mutanen Peru ruwa biyu ne, jinin 'yan asalin ƙasar da na Sifaniyawa ya gauraya a jikinsu, sannan ga 'yan asalin kansu masu yawa, waɗanda har yau suke magana da harshen kakanninsu a kan duwatsu. Masu kama da ita kaɗan ne, kuma sun fi taruwa a biranen bakin teku. Sifaniyawa ne suka fara zuwa, kusan shekara ɗari biyar da suka wuce, da takobi suka zo, suka rushe daular Inka. Bayan ƙasar ta sami 'yanci wasu suka biyo baya da hannu biyu kawai: Italiyawa masu buɗe kanti a kusurwar layi, Ingilishi masu sayen gashin dabbobi, har da wasu manoma masu jin Jamusanci da suka ratsa duwatsu suka kafa ƙauye a bakin daji, jikokinsu na can har yanzu.

Ita ta wajen uwa jinin Italiyawa ce. Mahaifin kakarta ya sauka daga jirgin ruwa yana saurayi, daga wajen Genoa, ya buɗe kanti kusa da tashar jiragen, ya mutu bai koma ba. Kakar, wadda take kira Nona, ita ta rene ta. Tsohuwar ta tsufa sosai, ƙafa ta daina ɗaukar ta, kuma ranar da jikarta za ta taho ta cusa mata tutar Peru a jaka, ta ce, "Ki buɗe ta a can, ki nuna mini in gani da idona."

Dama ta zo da aka sanar da bikin al'adu na ɗaliban waje, inda kowace ƙasa ke samun tebur ta baje abincinta da kayanta. Ƙawata ta kira Nona ta faɗa mata, tsohuwa ta sa aka rubuta mata ranar a jikin bango. Sai muka je taron shiri. Malamar da ke kula da ɗaliban waje, wadda muke kira Laoshi, tana rarraba tebura, ta zo kan ƙawata ta ce ta zauna da 'yan Sifen a teburin Turai.

"Laoshi, ni 'yar Peru ce."

"Na sani. Teburin Peru mei you," wato babu. "Ke kaɗai ce, doka kuma mutum biyu aƙalla, da abinci. Harshenku ɗaya da su, kamarku ɗaya. Ba wanda zai gane."

Ba da mugunta ta faɗa ba, na rantse. Mace ce mai kirki da aiki ya yi wa yawa. Amma ta ƙara da abin da ya fi na farko ciwo. Ta ce masu zuwa kallo in sun ga an rubuta Peru, mutanen duwatsu masu huluna kala-kala suke son gani, in suka tarar da farar yarinya za su ɗauka an yi kuskure.

Na kalli ƙawata. Wuyanta ya yi ja har zuwa kunnuwa, bakinta a buɗe amma kalmomin Sinancin sun gudu sun bar ta. Ni ba mai magana a taro ba ce. A aji ma in an tambaye ni sai na ji kamar in shige ƙarƙashin kujera. Amma sai na ji muryata ta fita, ban san lokacin da na ɗaga hannu ba.

"Laoshi, mu biyu ne. Ni ce ta biyun."

Ɗakin ya fashe da dariya. Wani ɗan Zariya da ke bayana ya ce da Hausa, "Ikon Allah! Hajiya, yaushe aka ba ki fasfo ɗin Peru ba mu sha biki ba?" Wata 'yar Katsina ta ce, "To wa zai murza mana taliyar teburin Najeriya da kika yi alkawari?" Na ce zan murza musu, in kuma tsaya a teburin Peru, hannu biyu Allah ya ba ni. Laoshi ta dube ni ta saman tabarau, ta dubi mayafina, ta ce dokar ba ta ce dole na biyun ya zama ɗan ƙasar ba. In mun zo da abinci da bayani, tebur namu ne. In ba mu zo da shi ba, ta riga ta ajiye wa ƙawata kujera a wajen 'yan Sifen.

Abincin da ƙawata ta zaɓa taliya ce da ake yi wa koriyar miya, da alayyahu da ɗoɗɗoya da madara da cuku. Ta ce Italiyawan da suka zo Lima sun nemi kayan miyar garinsu ba su samu duka ba, sai suka yi da abin da ƙasar ta ba su, har abin ya zama na Peru, kowane gida ana cin sa, fari da baƙi. Matsalar ita ce an hana girki a ɗakunan kwananmu. Amma ina da kawu, ƙanen mahaifiyata, ɗan kasuwa da ke da shago a ginin Tianxiu, yana tura kaya Kano, kuma yana haya a wani gida mai kicin nan kusa. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ana gobe biki, muka ɗauki ledojin cefane muka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa Xiaobei, unguwar da shagon yake.

Mun tarar da Kawu a shago tsakanin kwalayen takalma, waya a kunne, yana faɗa da wani laoban, wato maigidan kamfani, a kan kaya. Abokansa biyu na zaune suna shan shayi. Yana ajiye wayar ya washe baki.

"A'a, ɗiyata! Ina kika samo mana Baturiya? Alhaji, tashi ka ba Baturiya kujera. Baturiya, welcome, welcome!"

Ƙawata ta sha jin kalmar a bakin 'yan ajinmu, ana faɗa ana kallon ta. Ta juyo ta ce mini, "Me wannan kalmar take nufi? Kullum ina jin ta." Na ce haka muke kiran farar mace. Ta ce a'a, ainihin ma'anarta take so. Na ce, mutumiyar Turai.

Ta ajiye ledar alayyahu a kan kwali a hankali, kamar mai ajiye ƙwai. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce, da muryar da ba ta hawa ba ta sauka, "A Lima in na shiga kasuwa ana ce mini baƙuwa, a ninka mini kuɗi, alhali a asibitin bayan kasuwar aka haife ni. Na taɓa zuwa Italiya neman garin kakanmu, a filin jirgi aka ware ni layin 'yan Kudancin Amurka, aka juya fasfo ɗina kamar na jabu. Nan Laoshi ta ce Turai. Yanzu ku ma, da harshenku, Turai. Kuma wataƙila duk kun fi ni gaskiya. Masu kamata su suka ci ƙasar da yaƙi. Har yau su suka fi yawa a manyan unguwanni da allunan talla, na sani, ba na musu. Da wane ido zan tsaya a ce ni ce Peru? Mu koma. Zan zauna inda ta ce. Zan gaya wa Nona an fasa bikin."

Kawu ya kalle ni. "Me ya faru? Ko shayin ne ba ta sha?" Na fassara masa a taƙaice. Ya kama haɓa ya ce, "Subhanallahi. Ni fa girmamawa na yi."

A wannan lokacin na tuna tsohuwar nan da aka rubuta wa rana a bango, na ce a raina wallahi ba za a yi mata ƙarya ba. Amma me zan ce? Duk abin da ƙawata ta faɗa gaskiya ne. Idona ya sauka kan ledar fulawar da na sayo don taliyar 'yan Najeriya, sai gidan kakata ya faɗo mini a rai, soronsa mai sanyi da ƙanshin alkaki.

Na ce, "Kawu, gaya mata sunan unguwar su Hajiya, mahaifiyarka."

"Dandalin Turawa mana." Yana faɗa ya tsaya, sannan ya bushe da dariya har da buga cinya. "Kai! 'Yar nan, kin kama ni."

Na juya wajen ƙawata na ce ta zauna, yau ni ce mai ba da tarihi. Na gaya mata cewa a tsakiyar birnin Kano akwai unguwa mai wannan suna, kuma ba don mutanen Turai aka sa mata shi ba. Tun kafin Ingilishi su zo, Larabawa 'yan kasuwa ke ratso hamada da raƙuma daga Tarabulus da Gadamas, su sauka a nan. Su Kanawa suka fara kira Turawa. Daga baya ne sunan ya tashi ya koma kan wasu. Waɗancan na farko da yawansu ba su koma ba, sun yi aure, sun haifi 'ya'ya, kuma kakata, uwar wannan mutumin da ke dariya, jikarsu ce.

Kawu ya karɓe zancen da Turancinsa na kasuwa, yana nuna hancinsa. "Look, look. Original Bature. Amma je ki Kano ki ce wa mahaifiyata ba Bakanuwa ba ce. Da muciya za ta raka ki har bakin titi." Ɗaya daga cikin abokansa ya ce, "Wannan hancin kam an biya masa kuɗin kwastan." Na fassara, ƙawata ta ɗan murmusa ba da son ranta ba.

Na ce mata ban ce labarinmu ɗaya ba ne. Namu da ciniki suka zo, kuma cinikin hamada ma yana da nasa baƙin tarihin, an sayar da mutane a cikinsa. Ba na kuma cewa ta manta da abin da masu kamarta suka yi. Amma in ta koma teburin Turai, ta bar wannan tarihin ke nan ba mai faɗa. In ta tsaya a na Peru, sai ta faɗe shi duka, da takobin da kantin. Na ɗaga ledar fulawar na ce, "Kuma kin san me waɗannan baƙin suka kawo mana? Taliya. Gobe ba wanda zai ce taliyar murji ba abincin Kano ba ce." Kawu ya ce ai sunan ma daga Italiya ya samo asali, haka ya ji manya na faɗa. Ban taɓa tabbatar da wannan ba, amma na ga yadda ya sauka a fuskar ƙawata.

"Taliya," ta maimaita. "Italiya." Ta dube ni, ta dubi ledar alayyahun. Sannan ta miƙa hannu ta ɗauka. "Ina kicin ɗin?"

Yinin nan mun sha aiki. Ni ina murza kwaɓi a injin da Kawu ya aro mana, ita tana niƙa ganye. Ɗoɗɗoyar da muka samu a kasuwa ba irin tasu ba ce, ta fi yaji, ta ɗanɗana ta ɓata fuska, sai kuma ta ɗaga kafaɗa ta ce ai haka kakan nata ya yi, da abin da ya tarar. Kawu ya leƙo ya ga tukunya kore shar, ya ja da baya. "Wannan taliyar ta yi rashin lafiya ne?" Ya ɗanɗana don kunya, ya ƙara don kansa, sai da na ƙwace cokalin. Muna aiki tana koya mini abin da zan faɗa, ina maimaitawa da Sinanci har harshena ya daina tuntuɓe.

Da safe muka shimfiɗa tutar a kan teburin da ke ƙarshen layi, ƙarƙashin wata bishiya irin cediyarmu, mai saiwoyin da ke saukowa daga reshe su kama ƙasa. Na kai wa 'yan Najeriya tasu taliyar, ɗan Zariyan nan ya sara mini ya ce, "Ranki ya daɗe, jakadiyar Peru." Ƙawata ta jera hotuna: wata mata mai hula a kan dutse, masunta baƙaƙe a bakin teku, yara masu jajayen kumatu na ƙauyen Jamusawan nan, da wani tsohon hoto na saurayi mai gashin baki a ƙofar kanti.

Mutane suka fara zuwa, kuma abin da Laoshi ta faɗa ya faru. Wani dattijo Basine da jikarsa ya karanta sunan ƙasar, ya dube ni, ya dube ta, ya ce wace ce 'yar Peru a cikinmu? Ya nuna ƙawata ya ce wannan ai ta Turai ce. Na buɗe baki zan fara abin da na haddace, sai ta taɓa hannuna.

"Wo shi Bilu ren," ta ce. Ni 'yar Peru ce. Ta ɗauki tsohon hoton. "Wannan kakan mahaifiyata ne, daga Italiya ya zo. Wannan matar, kakanninta suna can tun kafin kowa ya zo, kuma masu kamata sun zalunce su. Duk mu 'yan Peru ne. Ɗanɗana wannan, shi ma haka yake."

Sinancinta ya karye sau biyu, ta gyara ta ci gaba. Ban san Laoshi na tsaye a gefe ba sai da ta miƙo faranti. Ta ci, ta ce baɗi in ƙawata na nan, teburin Peru a tsakiya za a sa shi.

Safiyarmu farkon darensu ne, don haka ba mu ɓata lokaci ba muka kira Lima. Fuskar Nona ta cika wayar, farin gashi, idanu irin na jikarta sak. Ƙawata ta ja baya don tutar ta fito duka. Tsohuwa ta sa hannu a baki, sannan ta tambayi wani abu da ya sa ƙawata dariya da hawaye a lokaci guda. Wai tana tambaya ko an sa cuku isasshe.

Ana cikin haka sai ga Kawu da abokansa, sun rufe shago sun zo, manyan riguna suna jan ido. Ya tsaya gaban tebur ya buɗe baki, na ga "Batu" ta hau leɓensa, ya haɗiye ta. Ya dube ni. "Ɗiyata, mutumiyar Kano Bakanuwa, ta Katsina Bakatsiniya. Ta Lima fa?" Bai jira ni ba. Ya juya wajen ƙawata ya ɗaga hannu kamar mai yi wa sarauniya gaisuwa. "Balimiya! A zuba mini koriyar nan."

Na fassara mata yadda aka gina kalmar. Ta sa ya sake faɗa, ta juya wayar ta faɗa wa Nona, na ji tsohuwa daga can ƙarshen duniya tana gwadawa: "Ba-li-mi-ya." Har muka rabu, da wannan sunan kowane Bahaushe a Xiaobei yake kiran ta, kuma da shi take sa hannu in ta turo mini saƙo.

Abin da ranar ta koya mini shi ne fuska tana iya gaya maka inda kakannin mutum suka taso, amma ba ta san inda aka binne su ba, ba ta san wace ƙasa ce ta ciyar da jikokinsu ba. Tun daga lokacin, in na haɗu da baƙo, ba na riga shi faɗin ko shi wane ne. Ina tambaya, in saurara, in kira shi da sunan garin da ya ce nasa ne.